Yadda Ake Gano Yoyon Ruwan Lagireto da Maganin Zafin Inji a Tsohuwar Mota

Tsohuwar mota ba ta yin zafi haka kawai. Ko dai ruwan da ke sanyaya injin yana raguwa, ko ruwan yana nan amma ba ya zagayawa, ko kuma yana zagayawa amma iska ba ta huce shi a lagireto. Duk abin da makanikai ke kira obahitin bai wuce ukun nan ba, kuma babban aikin shi ne a san wanne ne kafin a kwance noti ko ɗaya. Ba ƙaramar asara ba ce a buɗe inji a sa sabon gaskit, wato faifan da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa, bayan mako biyu allurar zafi ta dashbod ta sake hawa, domin lalataccen murfin da ya ƙona gaskit ɗin farko yana nan daram a kan lagireto. Saboda haka a fara da abin da ya fi araha da sauƙin dubawa, a bar gaskit sai ƙarshe.

Idan allura ta hau kana kan hanya

Kashe esi nan take. Idan hitar motar tana aiki, murɗa ta zuwa ƙarshen zafi, ka kunna fankarta da ƙarfi, ka sauke gilasai. Hita ƙaramin lagireto ne a cikin dashbod, tana ɗan rage wa inji zafi har ka samu wurin tsayawa. In allura ta shiga ja, ko ka ga tururi na fitowa daga bonet, kashe injin ba tare da jira ba. Tafiyar minti biyu a wannan hali ta isa ta lanƙwasa tof silinda, wato kan inji, musamman da yake na yawancin motocin da muke hawa alminiyam ne.

Akwai alamar da ke yaudarar direbobi: allura ta hau, can sai ta faɗo da kanta, hita kuma ta koma busa iska mai sanyi. Ba sauƙi aka samu ba. Ruwa ne ya ƙare, har sansa ta rasa abin da za ta auna.

Ka ba injin aƙalla rabin awa. Kafin ka taɓa murfi, sa tsumma ka matsa tiyon sama. Idan yana da tauri, akwai sauran matsi a ciki, buɗewa za ta watso maka tafasasshen ruwa a fuska da hannu. In ya yi laushi, ɗora tsumma mai kauri a kan murfin, ka murɗa kaɗan har ya tsaya a gaɓar farko, ka bar iska ta gama fita, sannan ka cire. Kada ka kwara ruwan sanyi a jikin inji mai zafi, kada kuma ka ɗura masa shi lokaci guda, domin ƙarfen da ya ɗau zafi ya gamu da sanyi kwatsam yana iya tsagewa. Bayan ya huce, tada shi, ka riƙa zubawa a hankali.

Tambayoyi biyu kafin a ɗauki sifana

Ta farko: ruwan yana raguwa? Da safe, inji da sanyi, buɗe murfin lagireto ka leƙa. Ya kamata ruwa ya cika har wuya. Kada ka dogara da gorar ajiya ta gefe kawai, don idan murfin ya lalace ko siririn tiyon da ke haɗa su ya tsage, gora za ta zauna a cike alhali lagireto ya kusa bushewa. A motoci irin su Golf, Sharan da Peugeot 406, a kan gorar ruwan ake samun murfin matsin, to nan za ka duba. Cika ruwan, ka yi alama da biro a jikin gorar, ka yi harkarka kwana biyu zuwa uku, kana dubawa kowace safiya.

Ta biyu: yaushe take zafin? Amsar wannan tana rage rabin aiki. Idan a cunkoso ne kawai, amma da ka samu hanya ka taka allura ta sauko, zargi fanka. Idan kuma lafiya lau take a cikin gari amma a doguwar hanya ko a hawa mai tsayi irin Hawan Kibo take ɗaukar zafi, to lagireto ya toshe, ko wata-famfo, wato famfon da ke zagayawa da ruwan, ya yi rauni, ko tiyon ƙasa yana tsukewa. Idan cikin minti goma da tadawa take hawa alhali tiyon ƙasa yana da sanyi, tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗau zafi, ya maƙale a rufe ko iska ta taru a ciki. Idan sai an kunna esi, duba fankar kondensa, wato lagireton esi da ke gaban na inji, da dattin da ke tsakanin kondensa da lagireto.

Neman inda ruwa ke zuba

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar ta kwana a kai, ka ga inda ɗigo ya faɗa. Ruwa garai marar wari da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an yi amfani da esi ba yoyo ba ne, gumin esi ne. Ƙaramin yoyo kuwa sau da yawa ba ya kaiwa ƙasa, zafin inji ke busar da shi. Abin da yake bari shi ne shaida: fari-fari kamar alli, kore-kore, ja-ja, ko zanen tsatsa da ya gangaro. Ɗauki tocila ka bi shaidar zuwa sama, domin ruwa ƙasa yake bi, inda ya fito yana sama da inda ka gan shi.

Fara da murfin lagireto, don shi ne aka fi rainawa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 na Selsiyos, inji kuwa yana aikinsa tsakanin digiri 85 zuwa 100, ka ga tazarar ba ta da yawa. Murfi shi ke riƙe matsi don ɗaga wannan iyaka. A kansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsi a ma'aunin bar, a yawancin motocin Japan. Na Volkswagen kan kai wajen 1.4. Da murfin 0.9, ruwa zalla sai ya kai kusan digiri 118 zai tafasa, da 1.1 kuma ya haura 120. Idan robar murfin ta tsage ko ta bushe, ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwan zai tafasa da wuri ya fice ta gora, ka yi ta ƙari ba ka ga inda yake zuba ba. Juya murfin ka duba robobin, ka ja ɗan faifan tsakiya ka ga yana motsi yana komawa. In kana shakka, canza shi, amma da mai lamba iri ɗaya. Sa mai lamba mafi girma a tsohon lagireto neman fashewa ne.

Sai tiyo. Da sanyi, bi kowane ɗaya da hannu kana matsawa, musamman dab da kilif. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi lagwab, ko ya bushe yana ƙara idan an matsa, ya gama aiki. Baƙin mai da ke zuba a kan tiyo yana cinye robar, don haka a toshe yoyon man ma. Kada a manta da ƙananan tiyo biyu da ke shiga hita ta bayan inji, da bututun ƙarfe da ke bin gefen bulok (gangar jikin inji), wanda tsatsa ke hudawa daga ciki. Wajen canzawa: sauke ruwa, matsar da kilif baya da filaya, murza tiyon ya saki. In ya manne, tsaga shi da reza a tsaye maimakon ɓamɓara da sukudireba, domin bakin lagireto na roba yana karyewa. Goge bakin tas, tura sabon tiyo har ƙarshe, ka ɗaura kilif a bayan tudun bakin, ba a kansa ba.

A lagireto, duba layin da aka matse tankin roba da jikin alminiyam, da kewayen wuyan murfi, da inda tiyon sama ke shiga. Tankin da ya sauya launi daga baƙi zuwa ruwan ƙasa ya tsufa, siririyar tsaga na nan tafe. Tsohon lagireto na tagulla, irin na Peugeot 504, ana yi masa walda da dalma, ana kuma buɗe shi a zura masa tsinken ƙarfe a wanke ramukan. Na roba da alminiyam idan tankin ya tsage, gam ba ya daɗewa a wurin da ke zafi da sanyi kullum. A canza tankin ko lagireton gaba ɗaya. Idan na hannu za ka saya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sa a toshe bakunansa a hura masa iska cikin ruwa a gabanka, ka leƙa cikinsa ka ga ko ya yi ɓawon farin dutse. Lagireto mai layi biyu yana taimakawa a ƙasa mai zafi irin tamu, amma ba ya gyara fanka ko famfon da ya mutu. In motar otomatik ce, akwai ƙananan bututun man giya biyu da ke shiga lagireto, bayan aiki a duba man giyar. Idan ya koma fari-fari mai kumfa, ruwa ya shiga ta cikin lagireton, a dakatar da motar.

Game da zuba ƙwai, garin barkono ko sabulu: suna iya toshe ƙaramar huda na ɗan lokaci, amma suna toshe ramukan lagireto da na hita tare da ita. Ko maganin toshe yoyo na kwalba, a ɗauke shi a matsayin abin da zai kai ka gida, ba gyara ba.

Wata-famfo yana da ɗan rami a ƙasansa. Idan sil ɗin ciki ya mutu, ta nan ruwa ke fara tsatsafowa ya bar shaida. Da inji a kashe, sassauta bel ka kama fulin ka girgiza: in yana rawa ko yana gurnani idan an juya, boris ya tafi. Akwai kuma mutuwar da ba ta yoyo, inda tsatsa ta cinye fukafukan ciki, ko na roba suka saki daga sandarsu, kamar yadda ake gani a wasu Golf 4. Alamarta: inji ya yi zafi, tamostat lafiya, amma da ka leƙa wuyan lagireto ko gora ba ka ga ruwa na gudana idan an ɗan taka totur. A Corolla mai injin 1ZZ, bel na waje ne ke juya famfon, aikin ba shi da wuya. A Camry mai injin 2.2 da Honda Accord ta shekarun 1990, taimin bel ke juya shi, don haka a canza su tare, kada a biya kuɗin buɗewa sau biyu. A kankare tsohon gaskit tas, a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan a gicciye.

Sauran wuraren: gidan tamostat, mahaɗin roba da ke gefen tof silinda a Golf 3 wanda ya yi suna wajen tsagewa, da zagayayyun faifan ƙarfe da aka toshe ramukan gefen bulok da su, waɗanda ruwan rijiya ke ci da tsatsa. Idan kafet ɗin ɓangaren fasinja yana jiƙe, ana jin wari mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, gilashin gaba yana yin hazo, hita ce ke yoyo. Ana iya haɗa tiyonta biyu da guntun bututu a kewaye ta kafin a samu hali.

In duk ka duba ba ka gani ba, nemi garejin da ke da famfon gwajin matsi. Ana ɗaura shi a wuyan lagireto, inji da sanyi, a hura har lambar da ke kan murfi, kada a wuce. A jira minti goma zuwa goma sha biyar. In allurar famfon ta sauka, za a ga ɗigo a waje. In ta sauka babu ɗigo ko'ina, ruwan cikin inji yake shiga.

Ruwa cike, amma tana zafi

Fanka ta lantarki tana tashi ne idan ruwa ya kai wajen digiri 93 zuwa 98, gwargwadon mota. Bar injin yana aiki a tsaye ka jira ta. A yawancin motocin Japan, da ka kunna esi fankoki biyu za su tashi. In sun tashi, moto da fiyus lafiya, laifin na sansa ne ko wayarta. In ba su tashi ba, duba fiyus, ka musanya rile, ɗan akwatin da ke sakar wa fanka wuta, da wani irinsa, sannan ka ba moton wuta kai tsaye daga batir. A tsofaffin Toyota, zare filogin makunnin fanka yana sa ta tashi, a Honda kuwa sai an haɗa bakunan filogin biyu da waya. Tabbatar kuma iskar tana shigowa daga gaba zuwa inji: sa takarda a gaban giril, ya kamata ta manne. Sau da yawa bayan aikin mai waya ana juya wayoyin, fanka ta yi ta gudu tana tura iska waje. Garkuwar roba da ke kewaye da fanka ba ado ba ce, in babu ita fanka tana jan iska daga gefe maimakon ta cikin lagireto. A Hilux, Hiace da tsofaffin Marsandi masu fanka a jikin inji, kashe injin da zafinsa ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka, ko ka ga mai ya jiƙa tsakiyarta, kulocinta ya mutu.

Ƙurar hunturu, ƙwari, ciyawa da guntayen leda suna taruwa tsakanin kondensa da lagireto inda ido ba ya gani. Kwance maƙalan sama, ka karkato lagireton baya kaɗan ka haska. Wanke da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana kwantar da siraran fukafukan. A yi wannan kafin bazara, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Zinder. Don gane toshewar ciki, kashe inji bayan ya ɗau zafi, zare filogin fanka, ka shafa jikin lagireto a hankali. Wurin da ya yi sanyi a tsakiyar wurare masu zafi, ramukansa sun toshe.

Tamostat kuwa gwajinsa a tukunya ne. Cire shi, ka karanta lambar da ke jikinsa: 82 a yawancin Toyota, 78 a Honda da yawa, 87 a Golf. Rataye shi da zare a cikin ruwa a kan wuta, kada ya taɓa gindin tukunya. Ya fara buɗewa a kusa da lambarsa, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe sosai, kamar milimita 8 zuwa 10 a na Toyota da Honda, in ya huce ya rufe ruf. In ya kasa ɗaya, a sa sabo, da sabuwar roba, ɗan ramin fitar iska yana kallon sama.

An saba a garejinmu, da motar Kwatano, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ta iso, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka dairek, wai don ƙasar sanyi aka yi su. Wannan ɓoye ciwo ne. Tamostat ba ya hana inji hucewa, da ya buɗe ya ba ruwa hanya ke nan. Babu shi, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi ta yi ta ƙara fetur, filogi ya yi baƙi, fetur ya wanke man da ke jikin silinda. A injina da yawa ma, idan tamostat ya buɗe, gindinsa ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Cire shi yana barin hanyar a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya yi ta kewaya a ciki. Fankar dairek kuma tana gajiya da wuri, ranar da ta tsaya babu mai sani sai allura ta hau.

Yaushe za a ce gaskit ne

Kada alama ɗaya ta sa a buɗe inji. A nemi biyu ko uku su haɗu: farin hayaki mai kauri daga salansa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, kumfa na tasowa a wuyan lagireto ba ƙaƙƙautawa, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tadawa tun ruwa bai ɗumama ba, inji na rawa da safe sannan ya daidaita, filogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi a cikin 'yan uwansa, baƙin mai ya koma launin shayi mai madara a jikin sandar gwaji. Ɗan fari-fari a ƙarƙashin murfin mai kaɗai ba hujja ba ne, gajeriyar tafiya a damina tana kawo shi. Akwai gwaji mai tabbatarwa: wani shuɗin ruwa a cikin bututu da ake ɗorawa a wuyan lagireto, in hayaƙin silinda na shiga ruwa sai ya koma rawaya. Gwajin kwamfireshan da ya nuna silinda biyu maƙwabta sun yi ƙasa shi ma hujja ce.

In ya tabbata, sa gaskit kawai bai isa ba. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof silinda a auna tazarar da ke ƙarƙashinsa da filagej, wato siraran ƙarafan auna tazara. Toyota da Honda kan ba da iyakar milimita 0.05, in ya wuce a kai shi a fere, a gwada shi ko ya tsage. A share ramukan notuna daga ruwa da mai, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki yadda littafin injin ya ce, ba da ƙarfin dantse da guntun fayif ba. A Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ, zaren notunan baya yana saki a cikin bulok, a duba shi kafin a rufe. A canza baƙin mai da filtarsa, sannan a koma a gyara abin da ya jawo zafin tun farko.

Wankewa, cikawa da fitar da iska

Inji da sanyi, murɗa hita zuwa zafi, tara roba a ƙasa, buɗe makwararin gindin lagireto ko ka zare tiyon ƙasa. Cika da ruwa mai tsabta, tada inji minti goma zuwa goma sha biyar, bar shi ya huce, sake zubarwa. Maimaita har ruwan ya fito garai. Kada a sa garin wanki ko soda, suna cin alminiyam. Tsohon kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake saya a galan, guba ne mai zaƙi, a kawar da shi daga inda yara, awaki ko kuliyoyi za su kai, kada a zuba shi a gorar lemo.

Inji mai silinda huɗu yana cin lita 5 zuwa 7. Karanta galan: in an riga an gauraya shi, zuba haka nan. In tsantsa ne, a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, wato lita 3 da lita 3 ga motar da ke cin 6. Kada kulan ya gaza kashi ɗaya cikin uku, kada kuma ya wuce kashi 60 cikin 100, domin tsantsarsa ba ta ɗaukar zafi kamar ruwa. Ba don ƙanƙara muke sa shi ba, don hana tsatsa da kare sil ɗin famfo ne. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ya yi, amma a tabbata ba mai asid ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a ramukan lagireto. Launi ba ya nuna iri, kada a gauraya kamfani biyu don dukansu kore ne.

Faka gaban motar a ɗan tudu. Zuba a hankali ta mazurari, kana matsa tiyon sama don iska ta fito. Peugeot 406 da wasu Honda suna da 'yan notunan fitar da iska, a buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa sannan a rufe. Tada inji murfi a buɗe. Idan tamostat ya buɗe za ka ga ruwa ya faɗa ƙasa, duka tiyo biyun sun ɗau zafi, sai ka ƙara. Jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, hita na busa zafi, sannan ka rufe murfi, ka cika gora zuwa layin sama. Washegari da safe a sake dubawa a ƙara abin da ya ragu, a ci gaba da leƙawa har mako guda, a kuma sake matse duk kilif mai sukuru da aka taɓa. Kulan na gargajiya ana canza shi duk shekara biyu ko kilomita 40,000, mai dogon zango kuma yana kai wajen shekara biyar idan ba a yi ta tsarma shi da ruwa ba.